Shela ka yi, Fasto, ba gayya ba

Wasiƙar wannan makon daga birnin Katsina ta fito, daga wani matashin fasto da ya roƙi a sakaya sunansa. Ga ta a taƙaice:

"Baba, shekarata ta uku ke nan a wannan ikilisiya. Ranar Lahadi mukan kai mutum 150 har da yara, amma masu aiki ba su wuce goma sha biyu ba. Su ne mawaƙa, su ne masu shara, su ne kwamitin gini, su ne masu zuwa gaisuwar rasuwa. Burina tun ina makarantar Littafi Mai Tsarki in ga ikilisiya mai zuciyar bishara, wadda kowa ke da aikin yi. Na yi wa'azi mako huɗu a jere a kan baye-bayen Ruhu, na manna takarda a bakin ƙofa don kowa ya rubuta sunansa da aikin da zai ɗauka. Mutum bakwai suka rubuta, biyar cikinsu 'yan sha biyun nan ne. Lahadin da ta biyo baya raina ya ɓaci, na ce daga kan bagadi wasu sun mai da majami'a gidan kallon ƙwallo. Tun daga ranar iyali biyu ba su sake zuwa ba. Ga wani dattijo da ke riƙe da makulli da littafin kuɗi fiye da shekara ashirin, duk abin da na kawo sai ya ce ba haka aka saba ba. Matata ta ce yaranmu sun fi sanin ƙeyata da fuskata. Na fara tunanin neman canjin wurin aiki. Me zan yi?"

Ɗana Fasto, gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Sannu da aiki, a gaida Mama da yara.

Kafin mu taɓa maganar buri, akwai bashi a kanka. Iyali biyun nan, ka je gidajensu cikin makon nan. Kada ka aika saƙon waya, kada ka tura dattijo, kada kuma ka jira su huce su dawo da kansu. Ka je da yamma, ka zauna a tabarma, ka ce, "Na yi magana cikin fushi a inda ba ku da damar amsawa, na yi kuskure, ku yafe mini." Daga nan ka kama bakinka. Kada ka ɗora "amma dai gaskiya na faɗa" a kai, don wannan "amma" ita ke zubar da duk abin da ka tara. An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, to wanda aka zaga ma ya sani. Lahadi mai zuwa kuma ka faɗi haka a gaban jama'a, a taƙaice, tunda a gaban jama'a ka yi ɓarin.

Yanzu ga abin da na gani a wasiƙarka. Burinka daidai ne, babu abin da zan rage a ciki. Hanyar ce ta karkace. Ka yi shela, kana jiran amfanin gayya.

Ban san ko ka tashi a ƙauye ba. Mu da muka tashi a can mun san mai gona ba ya tsayawa a dandali ya ce "mai son taimako ya zo", sannan ya koma gida ya jira. Takawa yake yi, zaure-zaure, ya gaisa, ya miƙa goro, ya ce, "Wane, jibi Laraba ina da gayya a gonar bakin rafi, maimai ne, ka taimake ni da hannunka." An kira sunanka, an faɗa maka rana, an faɗa maka irin aikin. Ka isa gona ka tarar da mai gonar shi ma a duƙe. An ba ka kunyarka, na damanka da na hagunka kowa da tasa, makaɗi na kiran sunan wanda ya yi gaba. Hantsi ya yi an kawo kunu, kafin la'asar an tashi, an yi godiya. Ka duba takardar da ka manna a ƙofa, wanne daga cikin waɗannan take da shi? Ba ta san sunan kowa ba, ba ta faɗi ranar farawa ba, balle ranar gamawa. Mutanenka kuwa ba makafi ba ne, sun ga yadda 'yan sha biyun nan suka ɗauki kaya shekara da shekaru ba wanda ya sauke su. Wa zai sa hannu a aikin da ba a tashi?

Akwai kuma kunya, wadda malamanka na makaranta wataƙila ba su sa a lissafi ba. A wurinmu mutum ya ɗauki biro a bainar jama'a ya rubuta "ni na iya koyarwa", ai ya yabi kansa ke nan. Matar da ta fi kowa iya rarrashin mai makoki ba za ta taɓa rubuta haka ba, ko da ta iya rubutun. Wata ma ba ta iya ba, ka kuwa sa ta tsaya gaban takarda. Shirun da ka ɗauka taurin zuciya ne, rabinsa ladabi ne.

Ni ma na yi irin taka, har na fi ka. Ina saurayi aka tura ni wani ƙauye a kudancin jihar nan a matsayin mai bishara. Ni ke buga tsohon ƙarfen taya da muka rataye a bishiyar darbejiya a madadin ƙararrawa, ni ke shara, ni ke ba da waƙa, ni ke karatu, ni ke wa'azi, ni ke ƙirga baiko. Ina ta ƙunƙuni a raina cewa mutanen nan malalata ne. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ni mako uku a gidan ɗan'uwana a gari. Da na dawo, da asuba na ji ƙarfen nan na ƙara. Na lallaɓa na leƙa. Wani yaro ɗan aji shida yana karanta Zabura yana tuntuɓe a kan kalmomi, wata tsohuwa da ba ta san ko baƙi ɗaya ba tana gyara masa da ka, don ta haddace. Ita ta bi da addu'a, irin addu'ar da ban taɓa yi ba. Bayan an tashi na ce, "Iya, ashe kin iya haka, me ya hana ki tun da?" Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Malam, mun ga kamar ba ka son a taɓa maka kaya." Shekaru sun wuce, har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: aiki nawa ne a ikilisiyar nan ka riƙe don kana ganin in wani ya yi ba zai yi kyau kamar naka ba?

Ka san Afisawa 4:11-12 fiye da ni, tunda kwanan nan ka baro aji. Abin da aka ce an ba da fastoci da masu koyarwa domin su yi shi ne shirya tsarkaka, su tsarkakan su yi aikin hidima. Faston da ke yin komai da kansa bai fi kowa himma ba, ya bar nasa aikin ne ya kama na wasu.

To daga yanzu zuwa kaka, ka cire takardar nan, ka ɗauki ƙaramin littafi. Gida uku a mako ya isa. Ka je ba da niyyar ba da aiki ba tukuna, ka je ka ji. Me kake yi daga Litinin zuwa Asabar? Me ka taɓa yi a ikilisiyarku ta gida kafin ka zo Katsina? Me kake gani a nan da ke damunka, kake cewa da ma wani ya gyara? Tambaya ta ƙarshen nan ita ce makulli, domin abin da ke damun mutum sau da yawa shi ne abin da aka ba shi baiwar gyarawa. In ka dawo gida ka rubuta. Bayan mako biyu ka koma da roƙo ɗaya tak, ƙarami, mai iyaka: "Mama, akwai wata baiwar Allah da aka kwantar a asibiti, danginta na ƙauye. Za ki iya leƙa ta ranar Talata da Juma'a na wata ɗaya, ke da wance?" Biyu-biyu, yadda Ubangiji ya aiki almajiransa a Markus 6:7. Wata ɗaya ko wata uku, ba har abada ba. In wa'adin ya cika ka je ka yi godiya, ka tambaya ko za ta ci gaba, ta kuma san in ta ce a'a ba za ta ji kanta a wa'azi ba.

'Yan sha biyun kuwa, ka tara su ka gode musu, sannan ka roƙi kowannensu ya sauke aiki ɗaya, ya kuma zaɓi wanda zai koya wa. Za ka sha mamaki, wasunsu ba za su so ba. Mutum na iya kukan nauyin kaya yana kuma jin daɗin a ce in ba shi ba ba a iyawa.

Wani abu ya tsaya mini a lissafinka. Da ka ƙirga masu aiki, waƙa da shara da kwamiti ka ƙirga, wato abin da ake yi a cikin katangar majami'a. Majami'ar mutum 150 ba ta da aikin da zai ishi mutum 150 a cikin katanga, ko da kowace kujera za a naɗa mata shugaba. Ikilisiya mai zuciyar bishara kuwa, yawancin aikinta a waje yake. Kana da nas da ke kwana a kan marasa lafiya, da malamar firamare, da bakanike, da ɗan sanda, da mai shago a babbar kasuwa, da ɗalibai a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko kwalejin Hassan Usman. A garin da Kirista ba su da yawa, wa'azin da yawancin maƙwabtanmu za su taɓa ji shi ne mudun da ba a tauye ba, da bakaniken da bai ce ya sa sabon ƙarfe alhali tsoho ya wanke ba, da ɗan sandan da bai miƙa hannu ba. Ka taɓa kiran nas ɗin nan gaba, ikilisiya ta yi mata addu'a a kan aikinta, kamar yadda ake yi wa mai tafiya aikin bishara? In ba ka taɓa ba, ita ma ba za ta taɓa ɗaukar aikinta hidima ba. Ka karanta Nehemiya sura 3 a hankali. Maƙeran zinariya, masu haɗa turare, 'yan kasuwa, har da 'ya'ya mata na wani shugaba, da yawansu sashen garun da ke daura da gidansu suka gyara. Ba a kwashe su zuwa wata unguwa ba.

Tarihin bishara a ƙasar nan ma haka ya nuna. Zamanin Turawa, gwamnati ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Arewa. Ƙofar da ta buɗu a Katsina ta jinya ce: a 1937 mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓi kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kamar yadda ta yi a 'Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Da wanke gyambo aka fara, aikin da ba mai rububinsa. In ka bi ta hanyar Batsari yau za ka tarar wurin nan na Babbar Ruga ya zama cibiyar jinyar mata masu yoyon fitsari. A 1948, tun kafin a kafa ikilisiyar ECWA a 1954, 'yan ƙasa suka fara tasu ƙungiyar aika masu bishara, wadda aka sani da EMS, da baikon manoma da matan zumunta. A farkon shekarun 1960 kuma ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa ta taso da wannan burin naka sak, wato kowane mai bi ya zama mai shaida, ta hanyar ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje da fita ƙauyuka da rani. Ikilisiyoyin Hausawa na ƙasar Malumfashi da Kafur a kan ƙafafun irin waɗannan mutane suka tsaya, manoma da katikis da mata masu goyo. Da aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina a 2023, bishop ɗinsa na farko, Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi ne. Ba sabon abu ka ɗauko daga littafin Turawa ba, gadon gida ne, kuma in ka gabatar da shi a haka tsofaffinka za su fi saurararka.

Sai dai a yi da hankali. Katsina ba wurin ɗaukar lasifika a tsaya bakin kasuwa ba ne, kuma duk wanda ya koya wa matasanka cewa taɓa addinin maƙwabci shi ne ƙarfin hali, ya cuce su ya cuci sauran. Manzo Bitrus cewa ya yi a zauna da shirin ba da amsa ga wanda ya tambaya, da tawali'u da ladabi. Ku je suna, ku je ta'aziyya, ku karɓi naman layya da godiya, ku kai abincin Kirsimeti. Ga mutanen da 'yan bindiga suka koro daga yankunan Batsari da Jibiya da Ƙanƙara da Faskari suna rakuɓe a kangaye da gidajen dangi. In za ku kai musu tiyar masara ko tsofaffin tufafi, ku kai don suna jin yunwa da sanyi, ba tare da sharaɗi ba, ba tare da ɗaukar hoto ba. Ku nemi ikilisiyar ƙauye guda ɗaya da mai bishararta ke fama, ku riƙe ta: buhu da kaka, kuɗin makarantar ɗansa, ziyara da rani. Kada kuma ka ɗora yaran mutane a babur ka tura su hanyar da 'yan garin suka ce ba ta biyuwa, wai don nuna bangaskiya.

Ka duba wani abu kuma da ba ka ambata ba, amma na san ikilisiyoyin birni. Da wane harshe kuke taron kwamiti? In da Turanci ne, to ka riga ka tace masu aiki ba ka sani ba: ma'aikatan gwamnati a gaba, 'yan ƙauyen da suka zo neman abinci da matansu a kujerun baya. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi don ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci. Manzanni ba su yi wa'azi a kan gunaguni ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenawa gare su, wato daga ɓangaren masu kukan aka ɗauko masu gyara. Biyu cikin masu rabon abincin nan, Istifanas da Filibus, su ne ka ji daga baya suna wa'azi, ɗaya har Samariya. Haka kuma baƙinka na ɗan lokaci, 'yan bautar ƙasa da sojoji da ɗalibai: mai shekara ɗaya a gari in ka ce sai ka gama nazarinsa, ranar da za ka ba shi aiki ranar zai zo sallama. Ka ba shi ajin karatun yara tun watansa na biyu, tare da wani ɗan gida.

Sai dattijonka. Kada ka kuskura ka karɓe makullin nan, ko ta bayan fage. Mutumin da ya riƙe ƙofa shekara ashirin ya ga fastoci sun zo da sabon tsari, sun tayar da ƙura, an yi musu canji, an bar shi da biyan bashin kwano. "Ba haka aka saba ba" ɗin nan, sau da yawa ma'anarsa "kai ma tafiya za ka yi". Ka je gidansa ba tare da wata buƙata ba, ka ce, "Baba, ba ni labarin yadda aka sami filin nan." Ka bar shi ya yi awa biyu. Za ka ji sunayen waɗanda suka ɗauki bulo a ka, za ka kuma ji inda aka taɓa yi masa rauni. Bayan haka ka roƙe shi, ba ka umarce shi ba, ya zaɓi samari biyu da ya yarda da su ya koya musu buɗe majami'a da rubuta littafi. Da tsohuwar zuma ake magani. Maganar kuɗi kuwa ka kai ta zaman dattawa a matsayin ƙa'idar da za ta hau kan kowa har da kai: mutum uku su ƙirga baiko, biyu su sa hannu, a karanta rahoto duk wata uku. Wannan kariya ce gare shi, ba tuhuma ba, ka kuma faɗa masa haka kai da shi kafin ya ji a taro. In duk ka yi wannan ya ƙi, to akwai na gaba da ku a tsarin ikilisiyarku, amma ba a fara da nan.

Kalmar "kowa" kuma ka sassauta mata. Akwai mai jego, akwai wadda ta binne miji watan jiya, akwai wanda wata ikilisiya ta ci wa mutunci yana zaune a baya yana jinyar zuciya, akwai direban da abincin gidansa ke kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Wasunsu hidimarsu a yanzu ita ce su bari a yi musu hidima. Tsohon da ƙafa ta ƙi, ka kai masa sunayen mutum biyar ya riƙa yi musu addu'a, ka riƙa komawa kana gaya masa abin da Allah ya yi. In bayan shekara sha biyun nan sun zama talatin, ka durƙusa ka yi godiya. Za su yi kuskure. Sabon mai ba da waƙa zai ɗauko ta a sama har mata su kasa kamawa, mai karatu zai tsallake aya. Ka haɗiye, ka gyara masa a keɓe ranar Talata.

Canjin wuri ba zan ba ka shawararsa yanzu ba. In ka tafi da halin manna takarda da riƙe komai, a sabon wurin ma wasu sha biyun na jiranka, da wani dattijon da nasa makullin. Ka ba wannan hanyar damina ɗaya da rani ɗaya.

Maganar Mama ita ce ta fi tsorata ni a duk wasiƙar, ka kuwa sa ta a layi ɗaya kusa da ƙarshe. Surukin Musa ya ga irin wannan a Fitowa 18, ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da jama'ar duka. Matarka ta faɗa maka haka da nata salon. Ka sanar da dattawa cewa ranar Litinin ba ka nan sai in rai ne ko rasuwa, ka ba su sunan wanda za a nema a madadinka. Da safen ka miƙa wa Mama wayarka ta jefa a jakarta, ka kai yara makaranta da kanka, in an tashi ka je ka ɗauko su, ku tsaya a hanya ka saya musu rake.